Ɗinkin ina ne? Tarihin ɗan ƙyallen da ke wuyan rigarka

A bayan wuyan kusan kowace riga ta ƙananan kaya, ko a cikin ƙugun wandon jins, akwai wani ɗan ƙyalle da bai fi faɗin babban yatsa ba. A kansa ake rubuta girman rigar, da irin zarenta, da yadda za a wanke ta, sannan a can ƙasa a sa sunan wata ƙasa: Bangladesh, Sin, Biyetnam, Turkiyya. Yawancin maza ba sa duba shi sai idan ya dame su da ƙaiƙayi, su sa reza su yanke shi. Amma a kan wannan ɗan layi an yi dokoki, an yi shari'u, an rufe masana'antu, an kuma yi asarar rayuka. Tambayar da ke bayansa tsohuwa ce: mutumin da ya fito da kuɗinsa zai sayi riga da wando, ya damu da ƙasar da aka ɗinka su? Idan ya damu, me yake nema a cikin sunan ƙasar?

Tun kafin a fara rubutawa

Danganta tufa da garin da ta fito ya girmi rubutun da ake liƙawa. Bahaushe ya daɗe yana kiran kaya da sunan mahaifarsu. Ɗan Kura shi ne baƙin rawani mai sheƙi da ake rinawa a buge a Kura, kudu da Kano, wanda Buzaye suke ƙetare sahara da shi. Rigar Nufe ta yi suna saboda saƙa da aikin allurar mutanen Bida. Hular Bama har yau tana ɗauke da sunan garinta. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus, suna kuma kaiwa Tumbuktu.

A wancan zamani sunan gari shaida ce da ake iya tabbatarwa. Audugar ta yankin ce, masaƙin da marinin da mabugin duk maƙwabta ne, kuma dillali yana iya gane aikin wani gari da idonsa da tafin hannunsa. Wanda ya ce maka ɗan Kura ya faɗa maka wace karofi, wane irin baba, wane irin bugu. Sunan da aikin abu ɗaya ne.

Dokar da ta juye da masu ita

Rubuta sunan ƙasa a jikin kaya bisa tilas na doka ya samo asali ne daga kishi. A ƙarni na 19 garin Sheffield na Ingila ya shahara wajen ƙera wuƙaƙe da almakashi da reza. Sai maƙeran Jamus suka riƙa ƙera nasu da ƙarfe mai rauni, suna buga sunan Sheffield a jiki, suna sayarwa da araha. A lokacin kayan Jamus ba su da wata daraja. Wakilin Jamus a baje kolin duniya da aka yi a Philadelphia a 1876, Franz Reuleaux, da bakinsa ya siffanta kayan ƙasarsa da araha da rashin kyau.

A 1887 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar alamomin kayan ciniki, wadda ta tilasta wa kayan waje masu ɗauke da suna ko alamar da za ta sa a zaci na Ingila ne su bayyana ƙasar da aka yi su. Daga nan rubutun "Made in Germany", wato ƙirar Jamus, ya fara bayyana. Manufar ita ce Bature ɗan Ingila ya gani ya kauce. Sai reshe ya juye da mujiya. Jamusawa sun riga sun duƙufa wajen gyara aikinsu, kuma rubutun ya nuna wa mutanen Ingila cewa kayan da suke amfani da su a gidajensu suna jin daɗinsu, da yawa daga Jamus suke. Kafin shekara goma ta cika, alamar da aka yi don kunyatarwa ta zama abin tinƙaho. A 1896 wani ɗan jarida, E. E. Williams, ya wallafa littafi da wannan take yana kukan cewa kayan Jamus sun mamaye ƙasarsu. Amurka ma ta bi sahu da dokar harajinta ta 1890, wadda ta wajabta sa sunan ƙasa a kan kayan da ake shigowa da su.

Darajar sunan ƙasa, ashe, ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin aikin da ke fitowa daga ƙasar, ko da a makare.

Wandon da ya zama tutar Amurka

Babu tufar maza da aka ɗaure ta da sunan ƙasa kamar jins. A ranar 20 ga Mayu, 1873, wani tela a garin Reno mai suna Jacob Davis da wani ɗan kasuwar San Francisco, Levi Strauss, suka sami rajistar haƙƙin mallakar dabarar sa ƙusoshin tagulla a kusurwar aljihun wandon aiki don kada ya yage. Dukansu baƙi ne a Amurka: Strauss haifaffen Bavaria ne a Jamus, Davis kuma daga Riga. Sunan yadin da na wandon a Turance, ana danganta su da garin Nîmes na Faransa da Genoa na Italiya. Launinsa kuwa shuɗin baba ne, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, kafin kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na roba a 1897.

Duk da wannan gauraye, wandon ya zama ɗan Amurka. Masu haƙar ma'adinai da makiyaya da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka fara sa shi. Finafinan Hollywood na shekarun 1950 suka mayar da shi tufar samari masu taurin kai. A zamanin yaƙin cacar baka, matasan Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas suna sayen jins na Amurka a ɓoye da kuɗi masu yawa, alhali ƙasashensu ma suna ɗinka irinsa. Abin da suke saye ya wuce yadi da zare. Sunan ƙasar suke sawa a jikinsu.

A wajajen 1960, kusan duk tufar da ake sayarwa a Amurka a can ake ɗinka ta. Yau abin da ake ɗinkawa a cikin gida bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Sauyin ya zo a hankali. Da farko ɗinki ya bar arewacin ƙasar ya koma jihohin kudu inda ƙwadago ya fi araha, daga nan ya tsallaka Japan da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu. A 1974 ƙasashe masu arziki suka kafa tsarin kaso wanda ya ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa mai tasowa za ta iya shigar musu. Wannan tsari ne ya watsa sana'ar: ɗan kasuwar Koriya ko Hong Kong da kasonsa ya cika sai ya buɗe masana'anta a wata ƙasar da ke da sauran kaso. Ta haka ɗinkin fitarwa ya kafu a Bangladesh a ƙarshen shekarun 1970. Yarjejeniyar cinikin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki a 1994, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, tsarin kason kuma ya ƙare a ranar 1 ga Janairu, 2005.

Kamfanin Levi's ya daɗe yana tirjewa, amma a 1997 ya sanar da rufe masana'antu 11 lokaci guda. A farkon 2004 ya rufe na ƙarshe da ya mallaka a Amurka, a San Antonio ta jihar Texas. A Disamban 2017 masaƙar White Oak da ke Greensboro, wadda ta shafe kusan ƙarni tana saƙa wa kamfanin yadi, ita ma ta tsaya. Sunan da ke bayan wandon bai canza ba, kuma masu saye ba su daina saye ba. A yau ana ɗinka jins na manyan kamfanonin Amurka har a Lesotho, a masana'antun da 'yan Taiwan suka kafa don cin moriyar dokar AGOA ta shekarar 2000, wadda ta yafe wa wasu kayan Afirka haraji.

Abin da baki ke faɗa da abin da aljihu ke yi

Ba a bar wannan sauyi ya wuce shiru ba. A 1975 ƙungiyar ƙwadagon masu ɗinkin tufafin mata ta Amurka ta fara tallace-tallace a talabijin tana roƙon jama'a su duba alamar ƙungiya kafin su sayi tufa. A 1984 masu masaƙu suka kafa wata majalisa ta tallata ɗinkin gida. A 1985 Sam Walton, mai kantunan Walmart, ya ƙaddamar da shirin sayen kayan Amurka. Shekara bakwai bayan haka, wani shirin bincike na tashar NBC ya nuna tufafin da aka ɗinka a Bangladesh rataye a ƙarƙashin allunan da ke cewa ƙirar Amurka ce a wasu kantunan kamfanin.

Duk lokacin da aka tambayi Amurkawa, mafi yawansu kan ce sun fi son kayan gida. Amma a 2016 kamfanin dillancin labarai na AP da kamfanin GfK suka sa wa tambayar farashi: wando iri ɗaya, na waje dala 50, na gida dala 85. Kashi 67 cikin 100 suka zaɓi mai araha. Bai kamata a kira wannan munafunci ba. Mai iyali da ke lissafin kuɗin haya da na makaranta yana iya son ƙasarsa da gaske, ya kuma kasa biyan ƙarin dala 35 a kan kowane wando. Kishin ƙasa yana tasiri idan bambancin farashi kaɗan ne. Idan ya yi yawa, aljihu ne ke yanke hukunci.

Abin da ƙyallen ba ya faɗa

Ko wanda ya damu ƙwarai, rubutun ba ya ba shi cikakken labari. A ƙa'idar kwastan ta yawancin ƙasashe, asalin riga shi ne inda aka haɗa ta aka ɗinke. Ana iya noma audugar a Texas ko Burkina Faso, a kaɗa zaren a Indiya, a saƙa yadin a rina a Sin, a kawo zif daga kamfanin YKK na Japan, a ɗinke a Kambodiya. Ƙyallen Kambodiya kaɗai zai ambata.

Wannan giɓi ya buɗe ƙofar wayo. Tsibirin Saipan da ke tekun Fasifik yana ƙarƙashin Amurka, don haka tufafin da aka ɗinka a can a shekarun 1990 suna ɗauke da alamar ƙirar Amurka. Masu ɗinkin kuwa galibi mata ne da aka kwaso daga Sin da Filifin, ana biyansu ƙasa da mafi ƙarancin albashin Amurka. Sai da aka kai manyan kamfanoni kotu a 1999. A garin Prato na Italiya, dubban ƙananan shagunan ɗinki mallakar 'yan Sin suna fitar da tufafi masu ɗauke da sunan Italiya bisa doka. A ranar 1 ga Disamba, 2013, gobara ta kashe ma'aikata 7 da ke kwana a cikin ɗaya daga cikinsu.

A wannan shekarar ce, ranar 24 ga Afrilu, benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka tufafi. Duniya ta girgiza, an yi ta kiran a ƙaurace wa ɗinkin Bangladesh. Ƙauracewar ba ta yi nisa ba, cinikin tufafin ƙasar ma ƙaruwa ya ci gaba da yi. Abin da ya kawo gyara shi ne yarjejeniyar da kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago kan duba gine-gine da hanyoyin tsira daga gobara, da kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi daga taka 3,000 zuwa 5,300 a ƙarshen shekarar. Ƙungiyoyin ma'aikatan ƙasar da kansu ba su goyi bayan ƙauracewa ba, domin da ɗinkin suke ci.

Yadda Japan ta karɓe gadon

Akwai wani rukuni na maza, ƙalilan ne amma masu kashe kuɗi, da suke bin diddigin asalin kowane wando. Abin mamaki shi ne sunan da suke nema a yau Japan ce, ƙasar da bayan yaƙin duniya na biyu ake yi wa kayanta kallon tarkacen araha. Garin Kojima na yankin Okayama ya saba da ɗinka kayan makaranta. A 1965 aka fara ɗinka jins a can da yadin Amurka, a farkon shekarun 1970 kuma masaƙun Japan suka fara saƙa nasu. Lokacin da masaƙun Amurka suka koma ga manyan injina masu sauri, wasu ƙananan kamfanoni a Osaka da Okayama suka riƙe tsofaffin injinan ƙoshiya masu saƙa a hankali, suka nazarci tsofaffin wandunan Amurka ɗinki bayan ɗinki. Yau Ba'amurke mai son jins irin na kakansa yakan biya dala ɗaruruwa ya sayo daga Japan. Zamani riga ne, in ji masu iya magana.

Daga Kakuri zuwa Kwari

Wannan tarihi bai tsallake mu ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Lancashire. UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin 'yan Hong Kong, Arewa Textiles kuma da jarin Japan. Tare da masaƙun Bompai da Sharaɗa a Kano, sana'ar ta zama ɗaya daga cikin mafiya ɗaukar ma'aikata a ƙasar, ta kuma riƙe manoman auduga na Funtuwa da Gusau da Gombe. Daga 1986 shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran rini suka yi tsada. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injina da kwararar yadin fasa-ƙwauri suka ƙarasa sauran. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007.

Yawancin abin da waɗannan masaƙu suke fitarwa yadi ne: atamfa, akoko, kaki. Ba a taɓa gina babbar masana'antar ɗinkin ƙananan kaya a Arewa ba. Shi ya sa saurayin da ke neman jins da riga mai gajeren hannu yake da hanya uku: sabo ɗan Sin ko ɗan Turkiyya, ɗinkin Aba, ko gwanjo.

Kowace hanya tana da abin da take koyarwa. Gwanjo yana cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, amma diloli suna sauka a Kwatano da Lome su biyo ta kan iyaka har Ƙofar Wambai. A wurin masu buɗe dila, kayan Ingila suna da daraja, mai saye kuma yakan fifita tsohuwar rigar Landan a kan sabuwa 'yar Sin. Idan ka juya wuyan rigar Landan ɗin, sau da yawa za ka tarar a Sin ko Bangladesh aka ɗinka ta. Mai sayen bai yi kuskure ba: rigar takan fi ƙarko. Dalili shi ne kantin Ingila da ya ba da odar ya gindaya nauyin yadi da ƙarfin ɗinki da rinin da ba ya zuba, ya kuma tura mai dubawa. Ɗan kasuwarmu da ya je Guangzhou yakan faɗi farashin da abokan cinikinsa za su iya biya, a ɗinka masa daidai kuɗinsa. Ƙasa ɗaya ce, wani lokaci ma gari ɗaya. Bambancin yana ga wanda ya ba da odar da abin da ya yarda ya karɓa.

Telolin Aba da masu takalma na kasuwar Ariaria sun daɗe suna liƙa wa aikinsu sunan Italiya ko Turkiyya, domin sun san idan suka sa sunan garinsu za a taya da wulaƙanci. Abin da maƙeran Jamus suka yi wa Sheffield ke nan. Gwamna Okezie Ikpeazu na Abiya ya yi ta tallata ƙirar Aba a mulkinsa daga 2015. A 2017 gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatunta su fifita kayan gida wajen saye, a 2019 kuma Babban Banki ya hana ba masu shigo da yadi kuɗin waje a farashin gwamnati, kafin a janye irin waɗannan takunkumai a 2023. Ruwanda ta fi kowa tsayawa: ta tsawwala haraji a kan gwanjo, Amurka kuma ta dakatar da rangwamen AGOA ga tufafinta a 2018.

Inda sunan ƙasa ke da nauyi

Mutumin da bai taɓa duba wuyan rigarsa ta zaman gida ba, shi ne zai tsaya a Kantin Kwari ya yi rabin sa'a yana murza shadda, yana ɗaga ta ga haske, yana tambaya ko gezna ce ta asali. Getzner kamfani ne a garin Bludenz na Ostiriya, an kafa shi tun 1818, kuma Afirka ta Yamma ce babbar kasuwar shaddarsa. A nan asali yana da tasiri domin mai saye yana iya gane bambancin da hannunsa, kuma bayan wanki biyu kowa ma zai gani. Ga shi kuma tufar ta shiga taro ce, ta Juma'a da salla da ɗaurin aure, inda ake auna mutum da abin da ya sa. A irin wannan wuri ne ake tuna cewa araha ba ta ado.

Ƙananan kaya ba su da wannan matsayi a wurin yawancin maza. Tufar aiki ce da zirga-zirga, ana sa ta a tsufar da ita a sake wata. Abin da ake dubawa shi ne ta zauna a jiki, kada ta koɗe da wuri, kuɗinta kuma ya yi daidai. Idan akwai sunan da ake nema, na kamfani ne da ke a ƙirji inda za a gani, ko da na jabu ne. Sunan ƙasa yana ɓoye a wuya.

Wannan yana da muhimmanci ga duk mai fatan ganin hayaƙi ya sake tashi a Kakuri da Sharaɗa. Kiran a sayi na gida don kishin ƙasa an gwada shi a Ingila a 1887, an gwada a Amurka a 1975 da 1985, kuma bai tsayar da rufe masana'antu ba. Jamus da Japan sun sauya ma'anar sunansu ne ta hanyar shekaru na aikin da ba ya ba da kunya, har mai saye ya fara neman sunan da kansa. Hakan yana buƙatar wuta tsayayya, irin auduga mai kyau, injina, teloli masu horo, da ɗan kasuwar da zai mayar da kaya idan ɗinkin ya karkace. Marinan Kura ba su roƙi Buzaye su sayi rawaninsu ba. Buzayen ne suke tahowa tafiyar watanni a kan raƙuma suna tambayarsa da sunansa.